Rimin da Ya Tare Hanyar Jirgi

Ruwa ake tafkawa ranar da Laftanar Wilmer Pazmiño ya iso tudun, kamar yadda ake tafka shi kullum tun da yaƙinmu da Peru ya ɓarke a dajin Cenepa. Da ƙafa ya zo, shi da mutanensa na sashen injiniyoyin soja, taɓo har ƙugu, kowa da akwatin nakiya a doron baya. Sojojin da ke tsare da tudun suka leƙo daga ramukansu suna kallonsu. Wani ya ce, "Mu abinci muka roƙa, aka aiko mana da masu haƙa rami."

Pazmiño ya wuce abinsa. Mutumin garin Loja ne, ɗan wani birkila, gajere mai faɗin kafaɗa. Kafin yaƙi gadoji yake ginawa a hanyoyin gabas, kuma da a ce an tambaye shi, da can zai zaɓi zama. Mutanensa Kunkuru suke kiransa a bayan idonsa, domin ba ya dasa ko da turke sai ya auna, ya sake aunawa, ya ja da baya ya ƙura masa ido. Ya san da sunan, bai taɓa nuna ya sani ba.

Kyaftin Jaramillo, mai riƙe da tudun, bai ba shi damar ajiye kaya ba.

"Kai ne injiniyan? Biyo ni ka gani."

Ya kai shi wani rami mai faɗi da aka rufe da gungume da tamfol. Warin ciki ya fara tarbarsa kafin idonsa ya saba da duhu. Mutum biyar ne kwance a kan ganyen ayaba. Kofur Baldeón, mai duba masu rauni, yana durƙushe a tsakaninsu da hannun riga naɗe, idanunsa sun yi jajur.

"Yallaɓai, ba zan ɓoye maka ba," in ji Baldeón. "Biyun can na kusurwa, in aka ce a ɗauke su a kafaɗa a ratsa dajin nan, ba za su kai rabin hanya ba. Wannan kuma ƙafarsa ta fara canza launi. Maganin da ke hannuna ya kusa ƙarewa."

Mai ƙafar ya ɗago kai. Wani dogon mutum ne daga Esmeraldas, sunansa Caicedo, gumi na zubo masa amma bakinsa bai mutu ba.

"Laftanar, ashe ku ne masu shuka dankalin nan a ƙasa? To na tono muku ɗaya."

Pazmiño da mutanensa sun binne nakiyoyi a gangaren kudu ba da daɗewa ba.

"A ina ka taka?"

"Bakin rafi. Kada ka ɓata ranka, yallaɓai. Ruwa ya kwashe nasu da namu ya cakuɗa, kuma da ta tashi ba ta gaya mini sunan ƙasarta ba."

Can gefe akwai wani da kakinsa ya sha bamban da nasu, an ɗaure masa ƙirji da bandeji, yana numfashi da ƙyar. Sojan Peru ne da aka tsinta a rafin, sunansa Huamán. Idonsa na kan rufin ramin, bai dubi kowa ba.

Da suka fito, Kyaftin ya nuna masa ƙoƙon tudun, inda bishiyoyi suka haɗe kai har ba a ganin sama.

"Jirgi mai saukar ungulu nake so ya sauka nan gobe. Za ka iya?"

"Bari in auna tukuna, yallaɓai."

"Auna? Mutane na mutuwa kana maganar awo?"

"In na sare ba bisa ƙa'ida ba, jirgin ne zai ƙaru a cikin matattun."

Ya zaga wurin da igiyar awo, ya kafa turaku, ya shafa wa bishiyoyin da za a sare jar ƙasa. Washegari gari na wayewa aka kama aiki. Sajan Ankuash, mutumin ƙabilar Shuar wanda ya daɗe yana aiki tare da shi, ya ja masu adda suka faɗa wa ƙananan itatuwa, Pazmiño kuma ya tsaya kan zarto mai inji ɗaya da suke da shi.

Kukan zarton ne ya tona musu asiri. Masu igwar Peru da ke tsallaken kwarin suka jiyo shi, suka fara lalube. Harsashi na farko ya faɗi nesa. Na biyu ya matso. Daga nan aikin ya zama sara da gudu: a ji fito a sama kowa ya kwanta, ƙasa ta girgiza, a tashi a karkaɗe jiki a ɗauki adda. Kafin hantsi ya dubi ludayi fili ya buɗe, haske ya sauko a wurin da bai taɓa ganin rana ba. Sai sarƙar zarton ta tsinke, kuma babu wata.

Bishiya ɗaya ta rage. Wani tsohon rimi ne a gefen filin, ta gabas, daidai inda jirgin zai shigo. Saiwoyinsa sun fito kamar bangon ɗaki, mutum na iya ɓuya tsakaninsu a tsaye, rassansa sun yi wa rabin filin rumfa.

Ankuash ya ɗaga kai ya dube shi, ya tofar da yawu.

"Wannan da adda sai jikokinmu su ƙarasa."

"Da nakiya za mu kayar da shi. Kwazazzabon can nake so ya faɗa, ba cikin fili ba."

"Nakiyar ta isa?"

"In na sa ta inda ya dace. Ba ta isa a yi sau biyu ba."

Aka kira sansanin baya ta oba-oba. Matuƙin jirgin, Manjo Terán, bai tauna magana ba. Ya ce gajimare kan ɗan yaye bayan rana ta karkata, a nan zai shigo. In ya zo bai ga wurin sauka ba zai juya, kuma bai san ranar da za a sake ba shi izinin zuwa ba, domin ba su kaɗai ke da masu rauni ba.

Pazmiño ya shiga tsakanin saiwoyin da kansa. Ya sa aka sassare ramuka a gindin ta ɓangaren kwazazzabo, ya cusa nakiyar ɗaya bayan ɗaya, ya toshe da yumɓu, ya haɗa su da igiyar wuta. Ankuash ya ciro gorar chicha, giyar gargajiyarsu, ya ɗiga kaɗan a gindin rimin, ya yi masa 'yar magana da harshensu.

"Me ka ce masa?"

"Haƙuri na ba shi. Na ce ba mu muka zaɓa ba."

Suka ja waya suka ratsa filin, ta kan gungume da rassan da aka sare, har cikin ramin Kyaftin. Aka kori kowa cikin ramuka. Masu igwar kuwa sun riga sun gano wurin, yanzu ba lalube suke ba, a tsakiyar filin suke saukewa. Pazmiño ya ɗaura wayar a akwatin tayarwa, ya yi alamar gicciye, ya murɗa.

Shiru.

Ya sake murɗawa. Ba abin da ya motsa sai ruwan da ke ɗiga daga bakin tamfol.

"Sun tsinka wayar," in ji shi.

Kyaftin ya buga ƙasa da hannu. A daidai nan oba-oba ta yi ƙara, Manjo Terán ne yake cewa ya tashi, yana hanya.

Ankuash ya fara ɗaure igiyar takalminsa. Pazmiño ya riƙe masa hannu.

"Zauna, Sajan. Ni na ɗaura ta, ni na san inda kowace take."

"Yallaɓai, kai da ko gudu ba ka iya ba?"

"Shi ya sa zan ja ciki."

Kyaftin ya ce, "Ban umarce ka ba, Pazmiño. Ka ji ni? Ban umarce ka ba."

"Na ji, yallaɓai."

Ya zuba filaya da wani guntun lagwanin kunna nakiya a aljihu. Ashanarsa ta jiƙe, sai aka miƙo masa laita daga ramin masu rauni, hannu zuwa hannu, da saƙon Caicedo cewa a dawo masa da abinsa, budurwarsa ce ta ba shi.

Ya fita. Ya kama wayar da hannun hagu yana bin ta, yana jan ciki ƙarƙashin gungume. Ya sami inda ta tsinke, ya fere bakin biyu, ya murɗe su. Ya ci gaba. Fito ya taso a sama, ya cusa fuska cikin taɓo, wani abu ya doke shi a cinya kamar an maka masa sanda. Ya taɓa wurin, ya ga jini, ya motsa ƙafar ya ji tana aiki, ya wuce. Gaba kaɗan ya tarar da wani rami sabo yana hayaƙi, wayar ta shige cikinsa ba ta fito ba. Ya tona da hannu, bai samu komai ba sai gutsattsari.

Nan ya san zancen waya ya ƙare.

Ya ƙarasa gindin rimin, ya shige tsakanin saiwoyi ya jingina, yana haki. Nakiyoyin na nan yadda ya bar su. Ya ciro lagwanin ya duba. Ruwa ya ci rabinsa, dole ya yanke ya yar. Abin da ya rage ya auna shi da tafin hannu, ya dubi tazarar da ke tsakaninsa da rami mafi kusa, ya dubi cinyarsa. Lissafin bai fita ba. Ya sake yi, bai fita ba. Amma akwai wani ƙaton gungume kwance a tsakiyar hanya, ya ga in ya yi sa'a zai kai bayansa.

Ya ɗaura lagwanin, ya kare shi da hularsa, ya ƙyasta laitar. Sai da ya ga tartsatsi ya kama ya saki hular ya zabura. Bai taɓa gudu irin na ranar ba, ɗingishi ne da tuntuɓe da rarrafe. Yana faɗawa bayan gungumen duniya ta tsage.

Bai san tsawon lokacin da ya yi kwance ba. Da ya buɗe ido bakinsa cike da ƙasa, ganye na saukowa a hankali kamar ana yayyafa su, kuma ba ya jin komai. Ba ƙarar ruwa, ba ta igwa, sai wani siririn kuka can cikin kansa. Ya taɓa kunne, yatsunsa suka fito da jini.

Ya ɗaga kai ya dubi rimin. Gindin ya karye sarai, bishiyar ta karkata wajen kwazazzabo yadda ya tsara, amma ba ta faɗi ba. Igiyoyin daji masu kaurin damtse sun ɗaure kanta da wata bishiyar da ke gefe, ta rataye a sama, rassanta na nan sun tare hanyar jirgi.

Wani ya girgiza kafaɗarsa. Ankuash ne, bakinsa na motsi, yana nuna ramuka, yana jan rigarsa. Pazmiño ya girgiza kai, ya zare addar da ke ƙugun sajan ya soke a ɗamararsa. Ankuash ya dube shi, ya dubi igiyoyin, ya gane. Bai sake jan rigar ba. Ya tsinci wata addar a ƙasa ya bi bayansa.

Ta jikin rimin da ya karkata suka hau, da hannu da gwiwa, yana motsi a ƙarƙashinsu kamar kwalekwale. Da suka kai inda ya jingina da ɗaya bishiyar suka tsallaka kan reshenta, kowa ya rungumi abin da zai riƙe da hannu ɗaya, suka fara sara. Daga can sama Pazmiño na ganin filin gaba ɗaya. Yana ganin ƙasa na tashi tana watsewa nan da can ba tare da wani sauti ba, yana jin bugun a ƙirjinsa da tafin ƙafarsa. Wani ɓarɓashin ƙarfe ya zo ya kafe a jikin reshen kusa da hannunsa, yana tururi. Ya dube shi, ya matsar da hannun, ya ci gaba da sara.

Igiya ta farko ta tsinke, ta biyu ta bi ta. Ta ƙarshe ba su ma gama sare ta ba ta fizge da kanta, ta yi bulala a iska ta tsaga wa Ankuash kumatu. Rimin ya tafi a hankali, kamar tsoho zai zauna, sannan ya ruguza cikin kwazazzabo. Bishiyar da suke kai ta yi lilo har sai da suka ƙanƙame ta da hannu bibbiyu. Sama ta buɗe ta gabas.

Da ya dubi ƙasa sai ya ga mutane. Ba wanda ya ba su umarni, in ji Kyaftin daga baya. Sun ga mutum biyu a saman bishiya, sai suka fito daga ramuka, injiniyoyi da masu bindiga, har da wanda ya yi zancen masu haƙa rami, suna jan rassa da gungume suna wurgawa gangare, a kwanta a tashi a ci gaba.

Bai ji zuwan jirgin ba, iskarsa ya ji a fuska. Ya shigo ƙasa-ƙasa ta cikin kwarin, ta ƙofar da rimin ya bari, ya dira ba tare da ya kashe inji ba. Kafin Pazmiño ya sauko an fara fito da masu rauni a guje. Aka sa biyun kusurwa, aka sa na uku, aka sa Caicedo. Matuƙin ya ɗaga yatsa ɗaya ta taga: saura mutum ɗaya, nauyi ya kai.

Kyaftin ya kama Pazmiño ya tura shi wajen ƙofar, yana nuna kunnensa da cinyarsa. Pazmiño ya waiga, ya ga Baldeón tsaye da masu ɗauke da Huamán, sun tsaya ba su san abin yi ba. Leɓen mutumin ya yi fari. Wani soja ya tare gabansu yana ɗaga hannu cikin fushi, ba sai an ji abin da yake faɗa ba.

Pazmiño ya yi magana, bai san da ƙarfi ya yi ta ba sai da ya ga kowa ya juyo.

"Kofur! Ni da shi wa zai kai gobe?"

Baldeón ya nuna Pazmiño.

"To ku sa wancan!"

Kyaftin ya ture sojan gefe da kansa ya kama ƙarshen gadon da aka ɗauko Huamán a kai. Caicedo ya matsa ya ba mutumin wuri, yana ta surutu yana miƙa hannu. Pazmiño ya tuna, ya ciro laitar ya jefa masa. Jirgin ya ɗaga, ya karkata, ya nutse cikin kwarin, gajimare ya rufe bayansa.

Sai a sannan Pazmiño ya zauna a taɓo. Ankuash ya ja shi cikin rami, ya lulluɓe shi da bargo, ya buɗe gwangwanin kifi ya zuba kan shinkafa mai sanyi ya tura gabansa. Suka ci tare da hannu, jini na bushewa a fuskar kowannensu.

A filin nan jirgi ya yi ta sauka har aka tsagaita wuta, yana kawo abinci da magani, yana kwashe waɗanda suka jikkata daga tudun da ma na kusa da shi. A sauka ta gaba aka tafi da Pazmiño, bayan cinyar ta kumbura Kyaftin ya ce wannan karon umarni ne. Cikin biyun kusurwa ɗaya ya cika a hanya, ɗayan ya rayu. An yanke wa Caicedo ƙafa daga ƙasan gwiwa. Huamán ya warke, aka mayar da shi ƙasarsu tare da sauran fursunoni. Kunnen Pazmiño na dama ya dawo a hankali, na hagu bai dawo ba.

Yana kwance a asibitin soja mahaifiyarsa, Doña Hermelinda, ta iso daga Loja a motar haya, da tukunya naɗe cikin mayafi. Ta tsaya a kansa ta ƙare masa kallo, ta shafa goshinsa, ta taɓa hannayensa ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga kaya. Sannan ta zauna ta gefen hagu ta buɗe wuta.

"An ce bishiya ka hau. Bishiya, Wilmer! Kai da ubanka ya sha fama da kai ka hau tsani kana kuka? Na sa ka makaranta don ka zauna a inuwa ka yi zane, shi ne ka je kana hawan bishiya ana harbinka?"

"Mama, ta wannan gefen ba na ji."

Ta tashi ta ɗauki kujerarta ta zagayo dama, ta zauna, ta faro daga farko. Daga gadon da ke bakin taga Caicedo ya ƙyalƙyale da dariya har yana riƙe ciki.

"Mama, ƙara masa, ya cancanta! Amma don Allah me ke cikin tukunyar nan? Ƙamshin ya hana ni sakat."

Ta juya ta dube shi, ta dubi inda bargon ya kwanta babu ƙafa a ƙarƙashinsa. Sannan ta kwance mayafin, tururin miyar ɗanyar ayaba ya tashi, ta ce wa ɗanta ya miƙo kwanonsa da na abokinsa, kuma na abokin za ta fara cikawa.